Kifin da Tukur Ya Bari Amana

Kwana huɗu ke nan Esta ta hana kifin abinci, amma cikinsa sai ƙara kumbura yake. Ɗan ja ne, bai kai yatsa ba, jelarsa baza-baza kamar gyale. Yanzu a karkace yake iyo cikin kwalbar alewa.

Tukur ne ya ceto shi a Gusau, gidan wani malami Ba'indiye da yake yi wa kuku. Mutumin ya koma ƙasarsu ya bar kifin cikin ruwa mai wari. Tukur ya rungumo kwalbar har gidansu a Bungudu, inda Esta, sabuwar ma'aikaciyar asibiti, take haya. Ranar da zai je kasuwar Tsafe ya ba ta amanarsa.

"In cikinsa ya kumbura, sa shi azumin kwana uku, sannan ɗan dafaffen wake marar ɓawo," in ji shi.

A hanyar dawowa motarsu ta kife, Tukur ya rasu.

Kowa a gidan ya yi kuka ban da Delu, matar da Tukur ke ce wa Yaya. Dama Esta ta daɗe tana jin haushinta. Delu ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "wancan". In ya durƙusa gaishe ta, kau da kai take yi. Kifin kuwa cewa ta yi ko miya ba zai yi ba.

A rana ta uku ta azumin, Esta ta canza ruwa, ta tafi aiki. Da ta dawo sai ga ɓarɓashin tuwo a gindin kwalba. Washegari ma haka. Ranta ya ɓaci ƙwarai, don abin da ya rage na Tukur ke nan, kuma wani na neman kashe shi.

Safiya ta biyar ta yi sallama kamar ta tafi, ta laɓe bayan zana. Ba a jima ba sai ga Delu tana waige-waige, da ɗumamen tuwo a tafin hannu. Ta tsuguna gaban kwalbar ta marmasa shi a ruwa. Kifin bai motsa ba. Ya riga ya juya cikinsa sama.

Esta ta fito daga bayan zana. "Kin kashe shi, hankalinki ya kwanta! Me Tukur ya yi miki, da ransa da bayan ransa?"

Delu ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana kallon kwalbar, sannan hawayen da aka yi ta jira tun ranar jana'iza suka zubo.

"Na ga kin bar shi da yunwa ne, ɗiyata," ta ce. "Mai shi kuwa, tun da na yaye shi, kunyar ɗan fari ba ta bar ni na sa masa ko loma ɗaya a baki ba."