Ƙoƙon Kyaftin Wilmar

Wilmar ya miƙo ƙoƙon ta hagu, Tajuddeen bai karɓa ba. Bai ma san an miƙo ba, sai da bututun ƙarfen da ake zuƙa da shi ya taɓa masa kunne.

Al'adar mutanen Uruguay ce: ƙoƙo ɗaya na shayin ganyen mate mai ɗaci, ka zuƙa ka miƙa wa na kusa. Kyaftin Wilmar, gogaggen mai tsaron baya, ya yi yawo da nasa daga garinsu Paysandú zuwa Mexico har Girka, yana tara jan kati kamar abin ado, kafin tsufa ya yada shi a wata ƙungiya a Kuala Lumpur. Ga shi da fi'ili: in zai kalle ka sai ya juyo da wuya gaba ɗaya, in zai tsiyaya ruwan zafi sai ya jingina bakin fulas da ƙoƙon. Abokan hamayya na tsoronsa, abokan wasansa ma haka.

Tajuddeen ya fi kowa tsoro. Tun gwiwar hannun da ya sha a wani wasa bara, idonsa na hagu ya mutu, ko da yake a kallo garau yake. Ko mahaifiyarsa da ke Zariya bai gaya wa ba. Ranar da ƙungiya ta sani, ƙwallo ta ƙare masa, kuma bawan Allah bai iya komai ba sai tsaron baya.

Washegari ƙoƙon ya sake zuwa ta hagu. A shagon mamak, gidan abincin unguwar Sri Petaling, ma ta hagu. Tajuddeen ya fara zargin kyaftin ya gano shi.

Ranar Alhamis ya ga Wilmar ya shiga ofishin koci ya ja ƙofa. Tajuddeen ya ɗauka asirinsa ya tonu. Ya fara cusa takalmansa a jaka.

Koci ya fito ya ce daga yau su biyu ne a tsakiyar baya: Tajuddeen dama, Wilmar hagu.

Tajuddeen ya iske Wilmar a kan benci.

"Kyaftin, ka sani, ko?"

"Tun ranar farko."

"Me ya hana ka faɗa?"

Wilmar ya jingina bakin fulas da ƙoƙon, ya cika shi, sannan ya juyo da wuyansa gaba ɗaya.

"Zan riƙe maka hagu, yaro, kai ka riƙe mini dama. Tun ina Mexico rabona da ganin komai da idon dama."