Sabbin Haƙoran Motata

Ina 'yar shekara takwas motata ta wasa mai rimot ta daina tafiya, mai manyan tayoyin nan da aka kawo mini tsarabar Makka. Na ruga da kuka rumfar Kawu, mai gyaran rediyo a kasuwar Gummi.

Ya kwance ta, ya nuna mini wani ɗan faifai mai haƙora da ke juya tayoyin. "Bar kuka, ɗiyata. Motar ga ba ta mutu ba, haƙoranta ne suka zube."

Ya yanko murfin jarka don ya yi sabon faifai, ya dinga goga shi da magagari, haƙori bayan haƙori, yana hurawa yana gwadawa. Ƙasan motar da ya tsage kuma, ya ƙera mata sabo da langa-langa. Rumfar duk warin roba.

Da la'asar ya miƙo mini rimot. "Danna mu gani."

Na danna. Motar ta zabura, ta haye tulin yashi, ta tarwatsa awaki. Kawu kansa sai da ya ce, "Ikon Allah!"

Kafin ranar nan, na ɗauka irin waɗannan abubuwa sai dai a kawo mana daga nesa. Har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take yi.