Mama Mai Wushirya

Sau uku ke nan Dakta tana gyara tabarau, ba ta yi tambaya ko guda ba. Yaya na zaune a gabanta tana kaɗa ƙafa. Wai wannan matar ce za ta auna ko tana son ƙanwarta. Da biro da agogo.

Dakta ba ta allura, ba ta ba da magani. Daga jami'a take zuwa gidan rainon yara duk Talata, wai tana bincike a kan 'yan'uwa, yadda suke girma in an bar su tare, da kuma yadda suke lalacewa in an raba su. Sai ta baje kayan wasa a ƙasa, ta koma gefe tana leƙe. Yaro ya yi atishawa, ta rubuta. Ya ƙi yi, ta rubuta.

Da a nan abin ya tsaya, da ko kallo ba ta ishi Yaya ba. Amma wasu mata da miji sun zo sun ga Tsuntsuwa, ƙanwarta 'yar shekara bakwai, sun ce suna so. Ita kaɗai. 'Yar sha huɗu mai kallon mutum tsakiyar ido ba ta cikin tsarinsu. Shugabar gidan ta ce ba a raba 'yan'uwan da suka shaƙu, mai so ya ɗauka duka ko ya bari duka. Amma fa sai takardar Dakta ta ce sun shaƙu.

Takarda. Shekara biyar Yaya na wanke zanin fitsarin yarinyar nan, amma sai takarda ta faɗa.

Tsuntsuwa na da shekara biyu aka kawo su daga tashar mota, ba ta tuna komai. Yaya ce ke tuna mata. Duk yamma in ta danne ta tana yi mata kitso, sai ta ba ta labarin gidansu. Ƙofar koriya ce. Mama na da wushirya, tana ɗaura shuɗin ɗankwali, kullum tana murmushi, kullum hannunta cikin kumfar sabulu. In Tsuntsuwa ta ce jan ɗankwali, ta sha ranƙwashi.

Yau Dakta ke ganin su ɗaya bayan ɗaya, kowa da nata lokacin. Tsuntsuwa ta riga ta shiga ta fito. Saura Yaya.

Dakta ta buɗe baki a ƙarshe, da irin muryar da ake yi wa jarirai. Launin ƙofa? Kore. Mama fa, yaya take? Yaya ta zayyano mata har da kumfar, tana kallon silin. Tambayoyin da ko akuya za ta ci. Dakta na ta gyaɗa kai tana sa maki, kai ka ce ita ta haifi amsar.

Sai ta juya shafi.

"Tabon da ke ƙafar ƙanwarki na hagu, me ya same ta?"

Ƙafar Yaya ta daina kaɗawa. Wannan ba ya cikin labarin kitso. Ta san tabon sarai, dogo ne, ya ɗan karkace, kullum sai ta shafa masa mai. Agogon Dakta na ta tafiya. 

"Ni ce," ta ce. "Na goya ta, ta suɓuce."

Dakta ta duba takardar Tsuntsuwa. Ta daɗe tana dubawa, har Yaya ta ji kamar ta fizge ta karanta da kanta, tunda yanzu ba rubutun da ke gagarar ta. Can matar ta cire tabarau, idonta har da ƙwalla. Wai ita ma ƙaramar haka ta ce. Da aka tambaye ta, cewa ta yi ba ta sani ba, amma dai Yaya ce, don duk abin da ya same ta a duniya Yaya ce.

'Yar banza. Yaya ta cije leɓe.

Daga nan Dakta ta shiga wa'azi. Shekara tara tana wannan aiki ba ta ga shaƙuwa irin tasu ba. Jini ba ya ɓuya, in ji ta, ko a makance za ta gane 'yan ciki ɗaya. Har hancinsu iri ɗaya ne. Za ta sa su a babin farko na littafinta.

"Allah Ya ƙara basira, Dakta," in ji Yaya.

Matar ta yi godiya. Har da dafa ƙirji.

Mata da mijin suka yi sati biyu suna shawara, sannan suka dawo da katifa biyu a bayan mota. Ranar tafiya Tsuntsuwa ta manne da tagar mota tana karanta duk allon da ta gani da ƙarfi, don a san ta iya. Matar na juyowa tana yaba mata. Yaya kuwa hanya take kallo. Da suka doshi tashar mota, sai ta kamo kan yarinyar ta danna a cinyarta, wai kitson ya warware.

Allon tallan sabulun na nan a bakin tasha, rana ta cinye shi, amma matar da ke jikinsa na ta murmushinta da wushirya da shuɗin ɗankwali, a gaban koriyar ƙofa. A gindinsa, shekara biyar da suka wuce, Yaya ta tsinci yarinyar tana kuka, da tabon nan a ƙafarta, ba ta san ko 'yar waye ba, ɗan sanda ya tambaya ko ƙanwarta ce, ta ce e.