Makullin da Ke Wuyan Baba

Jikata ce ta nuna mini hoton a waya, wai jami'ar nan ta ƙasar Turawa ta rubuta sunan Malama a ƙofar ɗakin ƙwallon kwando. Na ce ta kawar mini da shi.

Ina 'yar shekara tara na kai wa Baba abincin rana can, lokacin shi ke goge daɓen ɗakin. Na tarar da Malama tsaye a waje cikin sanyi, ita da 'yan matanta, kowacce rungume da ƙwallo. Ita ce baƙar mace ta farko da aka ɗauka ta horar da 'yan wasa a wurin, amma an hana ta makulli. Wai ɗakin na maza ne, ko da babu kowa a ciki.

Makullin kuwa yana wuyan Baba, a jan zare, tare da layarsa. An riga an ja masa kunne: in ya buɗe mata, a bakin aikinsa.

Ya dube ta, ya dube ni, ya ce mini, "Uwata, a garinmu ba a barin malami tsaye a ƙofa." Ya ciro zaren ya buɗe.

Ba a yi sati ba suka sallame shi. Ita kuma ta tsufa tana ciyo musu kofuna.

Sai yanzu da ƙasa ta rufe ta suka ga ƙofar ta dace da sunanta. Ni ban iya karanta abin da suka rubuta ba, amma na san wanda ya buɗe ƙofar nan.