Filasta a Idon Kwamfuta

Ranar Litinin ta yanki filasta ta liƙe idon kwamfutar da kamfani ya ba ta. Ranar Talata, ana tashi daga taro, Manaja ya ce shi a saninsa filasta ta ciwo ce, kayan kamfani kuwa lafiyarsu ƙalau.

Kowa ya yi dariya. Ita ma ta yi, don ba a barin Manaja ya yi dariya shi kaɗai.

Mai zanen gine-gine ce, kwana uku a mako daga gida take aiki. Gidan ɗaki biyu ne da falo, ita da mahaifinta, tsohon masinja da ya yi shekara talatin yana kai takarda daga tebur zuwa tebur. Har yau in aka ambaci shugaba sai ya gyara zama. Harkarsa ba ta wuce rediyo da 'yar wayarsa mai maɓallai ba, wadda yake fita da ita baranda kowace safiya ya gaida mutane.

Ba filastar ce ta farko ba. Manaja ya taɓa yi mata sannu da ciwon haƙorin da ba ta faɗa wa kowa ba a ofis. Ya taɓa ba ta shawarar ta mayar da teburinta gefen taga, kwana ɗaya bayan ta janye shi. Wata rana kuma ya yaba amfanin barcin rana, yana kallonta.

Ta tuna takardun da ta cike ranar da aka ɗauke ta: adireshi, lambar wanda za a kira in wani abu ya same ta, sai shafi huɗu na ƙananan rubutu da ta sa wa hannu ba ta karanta ba. Yanzu ta karanta su, sau biyu. Ba su ce ana kallonta ba. Ba su kuma ce ba a kallonta ba.

Ta kai kwamfutar wurin mai gyara. Ya buɗe, ya hura, ya ce abin da ya gani a ciki ƙura ce, ita ma ba ta da yawa. Duk da haka, da ta tashi aiki sai ta naɗe ta a bargo ta kulle a akwati. Ta duba bayan agogon bango. Ta kwance ƙwan fitilar falo. A cikin gidanta ta fara magana ƙasa-ƙasa kamar baƙuwa.

Tsoron yana da dalili. Wani kamfani ya kira ta ganawar ɗaukar aiki ranar Alhamis, ƙarfe goma. Manaja kuwa ba ya riƙe wanda ya leƙa waje, ko da leƙe ne kawai. Mutum ɗaya ta gaya wa a ofis, abokiyar teburinta, wadda suka shekara huɗu suna cin abincin rana tare. Daga baya ta lura abokiyar na yawan shiga wurin Manaja. Ta daina gaya mata komai, sannan ta daina gaishe ta.

Ta nemi hutun Alhamis da sunan za ta kai mahaifinta asibiti. Tsohon bai ji daɗi ba.

"Uwata, ni lafiyata lau. Ba a fita gidan mutum ta taga."

Ta lallashe shi. Da yammacin Talata, kwamfuta na akwati, wayarta na ƙarƙashin matashi, suka shiga kicin ta buɗe famfo don ƙarar ruwa ta rufe magana. Suka gwada ganawar: ya zama mai tambaya, tana amsawa. Ya ce ta iya, sai dai ta rage saurin baki.

Laraba da azahar Manaja ya kira ta ofishinsa. Bai ce ta zauna ba. Ya yi mata fatan alheri gobe ƙarfe goma, ya ce ta rage saurin baki, ya kuma ce ta bar kwamfutar da katin shiga wurin sakatare, tunda ba za ta sake buƙatarsu ba.

A hanyar fita ta tsaya kan abokiyar teburinta ta faɗa mata maganar da ba a janyewa. Abokiyar ta bi ta da kallo, cokali a hannu.

Ta tarar da mahaifinta a baranda. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta gaya masa an kore ta, kuma har cikin kicin suna jinsu. Tsohon ya rage rediyo, ya daɗe yana juya 'yar wayarsa a hannu.

"Ikon Allah," ya ce. "To ai da na kira Manajan naku da safe mu gaisa kamar kullum, na roƙar miki izinin goben, ce mini ya yi ba komai."