Gonar Ragwaye Uku

A wani ƙauye na jigawa, da tsabtar gona ake auna manomi. Bazara na yi kowa zai ɗauki gatari ya yi sassabe ya ƙone, har gona ta koma kamar tafin hannu, wanda kuwa ya bar ko tohon sabara, sunansa rago. To, akwai wani manomi da ya lura iskar farkon damina tana binne masa shuka da rairayi ko'ina, ban da gindin wani kututturen kalgo da gatarinsa ya tsallake. Sai ya daina sare toho, ya koma rage shi da wuƙa, yana barin masu ƙarfi su tashi. Mutum biyu kacal suka bi shi, ƙaninsa da wata mata mai noma gonar marayunta. Nan da nan gari ya raɗa musu suna ragwaye uku. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don a da da gonarsa ake kwatance. Da ya kira gayya, aka tuƙa tuwo aka dama fura, ko mutum ɗaya bai zo ba. Sarkin noma ya aiko cewa ba zai kai samari noman jeji ba.

Ranar ya roƙi abokansa abu ɗaya, kada bakinsu ya rabu. Ba su ce wa kowa jahili ba, gayyar kowa suna zuwa, in mai gona ya ce a sare, su sare masa. Amma duk wanda ya tsokane su, amsar ɗaya ce: yana tare iska, zo ka gani. Bana haka, baɗi haka, har masu dariya suka gaji, suka fara tambayar kansu me zai sa mutum mai hankali ya jure wannan wulaƙanci a banza. Shi dai manomin bai ga alamar sauyi ba, kullum a dandali sunan nan ne.

Wata rana akuyarsa ta tsinke, ya bi sawunta har bayan gonar sarkin noma, inda hanya ba ta bi. Bakin gona fes, amma can ciki ga toho nan har ƙugu, an rage shi irin nasa sak. Gonar kusa ma haka, ta gaba da ita ma haka. Ga kuma sarkin noma a tsugune da wuƙa a hannu. Da dattijon ya gan shi, sai ya ce, "Kai guda nawa kake bari a kututture?" Manomin ya tsuguna ya nuna masa, bai kuma kai zancen dandali ba. Da damina ta kama, yana cikin gida ya ji gangar gayya ta nufi gonarsa, alhali bai kira kowa ba.

Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.