Sandar Tabarya

Damina ce mai yawan ruwa, shekarar da ko'ina a Kiru ya zama caɓi. Ina da shekara bakwai, shan inna ya riga ya shanye min ƙafar hagu. Da rarrafe nake yawo, har gwiwoyina suka yi gyambo.

Wata la'asar Iya ta dawo daga wurin masassaƙi riƙe da sandar dogarawa. Tabaryarta ce, ita kaɗai gare mu, ta kai aka sassaƙe. Har lokacin tana ƙanshin gero.

Ta ce, "Tashi, uwata, ki kama."

Na kama, na yunƙura, na faɗi. Itacen kirya ne, ya fi ƙarfina. Sau uku ina faɗuwa. Iya ta durƙusa cikin taɓon.

"Taku ɗaya kawai, uwata. In na mutu, wa zai goya ki?"

Ban iya ba. Sai da na haifi nawa na san nauyin tambayar nan.

Washegari da sassafe na leƙa waje, na gan ta zaune bakin murhu da wuƙar girki, tana kankare sandar kaɗan-kaɗan.